Na kai ƙarar abokiyar aikina a kan maganar da ban fahimta ba

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a arewacin Ingila. Kwanakin baya muna ɗakin hutu na ji wata abokiyar aikina, Baturiya, tana ba da labarin wata tsohuwa da ta ƙi cin abinci, sai ta ce: "I had to twist her arm." Gabana ya faɗi, don na san "twist" murɗawa ce. Daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye na je na gaya wa manaja cewa wance ta ji wa tsohuwar ciwo a hannu don ta tilasta mata cin abinci. Aka dakatar da ita har aka duba. Ba a ga komai a jikin tsohuwar ba, ashe lallashinta ta yi, salon maganarsu ne kawai. Yanzu ta dawo aiki, ba ta amsa gaisuwata, kuma ta faɗa a gaban mutane cewa "you twisted my words". Sauran ma da na shigo sai su yi tsit. Kunya ta ishe ni, ji nake duk Turancin da na karanta aikin banza ne. Anti, na ɗauki alhakinta? In ajiye aikin in nemi wani?

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Kada ki ajiye aikin nan. Na fara da wannan ne don na san shi ya fi cin ranki, dalilan kuma suna tafe. Batun alhaki kuwa, ki kwantar da hankalinki. Wadda ta ji abin da ta ɗauka zalunci ne a kan tsohuwa marar ƙarfi, ta kasa haɗiye shi, ta tashi ta je ta faɗa, ba za a kira ta magulmaciya ba. Sai dai akwai wuri guda da kika yi ganganci, kuma a wurin abokiyar aikinki tana da haƙƙi a kanki. Zan nuna miki shi ƙarara, don sai kin gan shi da kyau za ki iya gyara tsakaninku.

Mu fara da abin da ta faɗa. In Bature ya ce ya murɗa hannun wani, galibi abin da yake nufi shi ne ya matsa masa lamba har ya amince da abin da da farko ya ƙi. Daga kokawa aka aro maganar: a kama hannun mutum a lanƙwasa ta bayansa har sai ya ce ya sallama. Wajen tsakiyar ƙarni na 20 ta shiga bakin 'yan jarida da 'yan siyasa, sai ki karanta cewa shugaba ya murɗa hannun 'yan majalisa sun amince da doka, alhali da waya ya yi musu magana. A bakin mutanen Ingila na yau da kullum ta ƙara laushi har ta koma ta raha. Ki miƙa wa Baturiya biskit lokacin shan shayi, ta ɗan ja aji, sai ki ji ta ce "go on then, you've twisted my arm", ta ɗauka tana murmushi. Nufinta, to shi ke nan, kin ci galaba a kaina. Saboda haka da abokiyar aikinki da Hausa ta yi maganar, ba za ta wuce "sai da na yi da gaske kafin ta ci" ba. Zama ta yi kusa da tsohuwar tana lallaɓa ta, ɗan ƙara cokali ɗaya, ɗan kurɓi wannan.

Wanda bai taɓa jin maganar ba, babu yadda za a yi ya ciro wannan ma'ana daga kalmomin kaɗai. Kowace kalma a jimlar kin san ta, kuma yadda kika haɗa su bai saɓa wa nahawu ba. Ga kuma wurin da kika ji ta. Da a banki kika ji an ce an murɗa hannun manaja ya sa hannu a takarda, da ke da kanki za ki ce anya kuwa. Amma a gidan tsofaffi, inda mai ƙarfi ke tsaye a kan marar ƙarfi da cokali a hannu, ma'anar zahiri abu ne mai yiwuwa, kuma ya sha faruwa.

A 2011 shirin Panorama na BBC ya shigar da kyamara a ɓoye cikin wani asibiti mai zaman kansa kusa da Bristol, mai suna Winterbourne View, inda ake kula da manya masu tawayar fahimta. Duniya ta ga ma'aikata suna marin mutanen da aka ba su amana, suna danne su a ƙasa, suna sheƙa musu ruwan sanyi. Mutum 11 kotu ta samu da laifi, aka ɗaure 6. Abin da ya fi ƙona ran jama'a shi ne, tun kafin kyamara ta shiga wani ma'aikacin jinya ya kai kuka wurin shugabannin asibitin da kuma hukumar CQC mai sa ido a kan irin waɗannan gidaje, ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba. Bayan shekara uku, Dokar Kula ta 2014 ta ɗora wa ƙananan hukumomin Ingila wajibin yin bincike duk lokacin da ake zargin ana cutar da babba mai buƙatar kulawa. Shi ya sa horon da aka ba ki da kika kama aiki ya nanata cewa in kin ji ko kin ga abin da ya ba ki tsoro, ki faɗa, tabbatarwa aikin wasu ne. Kin bi abin da aka koya miki. Ni da za a ba ni zaɓin wadda za ta kula da mahaifiyata, wadda ta kasa barci saboda hannun tsohuwa zan ɗauka a kan wadda ta ji ta kau da kai.

Yanzu ga gangancin. Ita cewa ta yi "I had to twist her arm". Ke kuma kika ce wa manaja ta ji wa tsohuwar ciwo. Tsakanin ɗakin hutu da ofishin manaja maganar ta sauya kama. Kin juya ta zuwa Hausa a zuciyarki, kin kwana da ita, sannan kika mayar da abin da kika fahimta zuwa Turanci kika miƙa a matsayin abin da ya faru. Da kalmominta shida kika maimaita yadda suka fito daga bakinta, manajan da ya tashi da wannan harshe zai gane nan take, iyakaci ya leƙa tsohuwar don kore shakka, magana ta mutu a nan ba a dakatar da kowa ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa a rubuta rahoto da ainihin kalmomin mai magana, a ware abin da kunne ya ji da abin da zuciya ta raya. Malaman hadisi sun daɗe da sanin haɗarin nan. Waɗanda suka halatta a ruwaito magana da ma'anarta sun gindaya sharaɗin cewa mai ruwaitowar ya kasance masanin harshen sosai, wanda ya san abin da ke sauya ma'ana da abin da ba ya sauyawa. A Turancin mutanen garin da kike ba ki kai wannan matsayi ba tukuna, don haka lafazi za ki riƙa kaiwa.

Akwai kuma kwanan da kika yi. Tun da kin ɗauka da gaske an murɗe hannun tsohuwa, bai kamata maganar ta kai safiya ba. Ƙashin tsoho ba ya jure abin da namu ke jurewa. Nan gaba in kika ji abu irin wannan, ki tambayi mai maganar a take, cikin sanyin murya, me take nufi. Tambaya ɗaya ba bincike ba ce. In amsar ba ta kwantar miki da hankali ba, ki nufi babbar ma'aikaciyar da ke bakin aiki a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Sai maganarta ta biyu, wadda na ga ita ta fi yi miki ciwo. In an ce wa mutum "you twisted my words", ana tuhumarsa ne da juya magana da gangan, ya ɗauki abin da aka faɗa ya lanƙwasa shi don ya ɓata mai shi. Akwai niyya a cikin kalmar. Wanda ya kasa fahimta kawai, Turanci yana da wata kalma dabam a kansa, wato "misunderstand". Ke ta biyun kika yi, ita kuma tana ganin ta farkon kika yi. In kika tsaya inda take tsaye, za ki ga ba ta rasa hujja ba: ta faɗi abu ɗaya, an kira ta ofis an karanta mata wani. Ba ta san a hanya ne maganar ta ratsa ta wani harshe ba. Aikinki shi ne ki sanar da ita wannan.

Tun da kalma ɗaya ce ta sare ki sau biyu, bari in ɗan daɗe a kanta, don ma'anoninta suna da yawa kuma kullum za ki riƙa cin karo da su a wannan aiki. In kin san tushen, rassan ba za su ruɗe ki ba.

Tushenta daga lambar biyu yake. Dangin "two" ce, kamar yadda "twin" na tagwaye, da "twice" na sau biyu, da "twine" na zaren ɗauri, da "between" na tsakanin abu biyu duk gida ɗaya suka fito. A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normawa na arewacin Faransa su ci Ingila a 1066, an same ta a cikin kalmar "mæst-twist", igiyar da ke riƙe da sandar jirgin ruwa. Me ya haɗa igiya da biyu? Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufkar igiyar rama ya san amsar: sili biyu yake kamawa, ya murza kowanne a kan cinyarsa, ya bar su su naɗe juna. Abin da biyu suka naɗe suka zama ɗaya, yana cikin tsofaffin ma'anoninta. A harsunan da ke 'yan'uwa da Turanci kalmar ta bi ɗaya hanyar, ta rabuwa gida biyu. A Jamusanci "Zwist" saɓani ne, a harshen Holan kuma "twist" faɗa ne tsakanin mutane har yau.

Daga tufka ma'anar ta yi ta faɗaɗa. Da farko duk wani juyi na murɗawa ya shigo ciki, kamar buɗe murfin kwalba ko matse tsumma. Hanya mai kwana-kwana ma an ce tana yi. Daga nan sai juyin da ya wuce ƙima, wanda ke fitar da abu daga siffarsa, irin na ƙafar da ta gurɗe ko fuskar da ta yamutse don zafi. Da aka zo nan, tsallakawa zuwa abin da ido ba ya gani bai yi wuya ba: a murɗa magana, a murɗa gaskiya, a murɗa doka. Mutumin da aka kira "twisted" kuma, ana nufin zuciyarsa ta karkace, yana jin daɗin mugunta, kalma ce mai nauyi da ba a jifan mutum da ita da wasa. Akwai reshe guda marar laifi, na juyin ba-zata. In labari ko fim ya juya inda ba a yi tsammani ba sai su ce yana da "twist", haka ma in ƙaddara ta sauya wa mutum hanya. Akwai ma wata rawa da ta tashe a Amurka a farkon shekarun 1960 da aka sa wa wannan suna, saboda yadda ake murɗa ƙugu a cikinta.

Abin da nake so ki lura da shi shi ne, wannan tafiya daga murɗawa zuwa cuta ba ta wannan kalma kaɗai ba ce. A Latin akwai "torquere", ita ma murɗawa take nufi, kuma daga gare ta Turanci ya samo "torture" na azabtarwa, da "distort" na jirkita gaskiya, da "extort" na ƙwace da barazana, da "tort" da lauyoyi ke kiran cutarwar da ake biyan diyya a kanta. Ita kanta "wrong", da kowane ɗan firamare ya sani, asalinta karkatacce take nufi, kuma dangin "wring" ce, matse wanki. Mu ma haka muke tunani. Muna cewa an yi murɗiya a zaɓe, muna cewa wane murɗaɗɗen mutum ne, muna yabon wanda ya miƙe muna zargin wanda ya karkace. Don haka da kunnenki ya ji "twist" ya jiyo ƙanshin cuta, bai yi wauta ba. Ya kama babbar hanyar kalmar, ƙaramin lungu ne ya kuɓuce masa, lungun da aka mayar da tilas ta zama wasa.

Kuma mu ma muna da irin lungun. In kika ce kin ja wa yarinya kunne, kin san ko kusa da kunnenta ba ki je ba. A ce Baturiyar nan ce ta zo aiki asibiti a Zariya, ta koyi Hausa daga littafi, ta ji wata nas ta ce "sai da na ja wa tsohuwar kunne", me kike tsammani za ta yi in tana da tausayi? Ki riƙe wannan misali, zai yi miki amfani in kun zauna.

A bakin aiki, yawancin lokutan da za ki ji kalmar a zahirinta take, kuma nan ne ba a wasa. In aka ce tsoho ya yi "twisted ankle" ko gwiwa ko wuyan hannu, targaɗe ne ko gurɗewa, a duba shi a rubuta. In likita ko nas ta ce "twisted bowel", hanji ne ya naɗe, wannan na gaggawa ne, asibiti ake nufa ba a jira. In mai koyar da ɗaga marasa lafiya ya ce kada ki yi "twist", yana nufin kada ki murɗa bayanki alhali kina ɗauke da nauyi, ki juya da ƙafafunki gaba ɗaya, kuma ki ji maganarsa don ciwon baya na cikin abubuwan da suka fi kwantar da masu wannan aiki. Na salon magana kuwa, akwai biyu da za ki ji amma kada su fito daga bakinki. "Round the twist" na nufin mutum ya zautu, kuma faɗinta a kan tsohon da ke fama da cutar mantuwa cin mutunci ne. Ɗayar ita ce wadda ake ce wa mutum kada ya bar kamfansa ya murɗe, ma'ana kada ya tayar da hankalinsa a kan ƙaramin abu. Abokai na faɗa wa juna ita cikin raha, amma daga baƙo raini take zama.

Yaya za ki bambanta? Ki saurari abin da ya biyo baya. In an ambaci murɗa hannun wani sannan aka kawo abin da ake so ya yi, ya ci abinci, ya zo biki, ya karɓi aikin dare, kusan kullum matsin lamba ake nufi. In maganar ta zo da kumburi ko kuka ko faɗuwa, zahiri ne. Ki kuma dubi fuskar mai magana da ta masu sauraro. Wadda ta cutar da tsohuwa da wuya ta zauna tana ba da labari a ɗakin hutu mutane suna kurɓar shayi ba wanda ya motsa. Na ce da wuya, ban ce ba ya yiwuwa ba, shi ya sa tambaya ta fi zato. Ko a ma'anar lallashin ma akwai iyaka. Dokar 2005 da ta shafi ikon yanke hukunci ta ce babba ana ɗaukarsa mai hankalin kansa har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yana da 'yancin zaɓar abin da wasu ke ganin ba dabara ba ne. Tsohuwa tana iya cewa ba ta ci. A lallashe ta, a sauya mata abinci, a duba ko baki ne ke ciwo ko haƙoran roba ne ba su zauna ba, a rubuta cewa ta ƙi, amma ba a ɗura mata.

To, abokiyar aikinki. Kafin ki je wurinta, ki auna abin da ya same ta. Zargin cutar da tsoho a Ingila ba ƙaramin abu ba ne. In ya tabbata, ana iya miƙa sunan mutum ga hukumar DBS, wadda ke riƙe da jerin waɗanda aka haramta wa aiki da yara ko manya masu rauni, kuma wanda ya shiga jerin ya yi sallama da wannan sana'a. Kwanakin da ta yi a gida, da wannan tsoro ta yi su, tana tunanin kuɗin haya da abin da za ta ce wa iyalinta, a kan tsohuwar da ta zauna tana lallashi. Fushinta yana da dalili. Kada ki ɗauki rashin amsa gaisuwa a matsayin wulaƙanci irin yadda za mu ɗauka a gida, mai ciwo ce.

Ki same ta ita kaɗai, ido da ido, ba ta saƙon waya ba kuma ba a gaban mutane ba. Ki roƙi minti biyu. Kada ki yi doguwar shimfiɗa, su ba su saba da ita ba, sai ta ɗauka kewaye-kewaye kike yi. Ki ce mata ba ki taɓa jin wannan salon magana ba, kin ɗauke shi a zahiri, kin tsorata saboda tsohuwar, kuma kin yi kuskure da ba ki maimaita kalmominta yadda ta faɗe su ba. Jimla irin wannan ta isa: "I misunderstood you, and I should have repeated your exact words. I am sorry for what it put you through." In ta ba ki dama, ki kawo mata misalin jan kunne. Abu ɗaya ne ba na so ki faɗa: kada ki ce kin yi nadamar kai rahoto, kada kuma ki yi alkawarin ba za ki sake ba. Wannan alkawari ba naki ba ne da za ki bayar, haƙƙin tsofaffin da ke hannunku ne. In ita ma'aikaciyar kirki ce, kuma yadda ta zauna da tsohuwar nan ya nuna haka, ta san da ita ce ta ji abin da ta ɗauka cuta ne, wajibinta ne ta faɗa.

Mai yiwuwa ba za ta sauko ranar ba. Ki bar ta. Ki ci gaba da gaishe ta sau ɗaya a rana ba tare da naci ba, in aiki ya haɗa ku ki riƙe naki ɓangaren da kyau. Ki kuma koma wurin manaja ki roƙi abu biyu: a rubuta a fayil cewa rashin fahimtar harshe ne ya jawo zargin, don sunanta ya fita fes, sannan a taron ma'aikata ya faɗa da bakinsa cewa an rufe maganar kuma kai rahoto ba laifi ba ne. Shirun da sauran ke yi in kin shigo, tsoro ne ya fi yawa a cikinsa, kowa na gudun a ɗauki maganarsa a kai ofis. In suka ji kin je kin wanke abokiyarsu da kanki, tsoron zai ragu.

Turancinki kuma ba banza ba ne. Da shi kika ci jarrabawa, da shi aka ɗauke ki aiki, da shi kike rubuta rahoton kowace rana. Abin da makarantunmu ke koyarwa Turancin littafi ne, kuma jarrabawa irin su WAEC da IELTS shi suka fi aunawa. Maganar ɗakin hutu, da barkwancinta da habaicinta, zama da mutane ke koyar da ita, kuma abokan aikinki da suka zo daga Indiya ko Zimbabuwe ko Gana duk suna tuntuɓe a wurin, ko ba su faɗa ba. Ki samu ƙaramin littafi a aljihu, duk maganar da kika ji kalmominta sun saba amma ma'anarta ba ta zauna ba, ki rubuta. In kin koma gida ki duba ƙamus na masu koyo, irin na Oxford ko Cambridge da ke intanet kyauta, kuma kada ki tsaya a ma'anar farko. Ki gangara har ƙasan shafin, can ake jera salon maganar da kalmar ke shiga. Ki riƙa kunna rediyon garin da kike, musamman shirin da mutane ke bugo waya suna hira. Mafi sauri duka shi ne ki samu mutum ɗaya a wurin aiki da za ki riƙa tambaya ba kunya. Tsofaffin da kike kula da su ma malamai ne, da yawansu suna jin daɗi in aka tambaye su ma'anar magana.

Dalilin da ya sa na ce kada ki ajiye aiki, ban da cewa ba ki yi abin gudu ba, shi ne takardunki. In da bizar ma'aikatan lafiya da kula kika shiga, zamanki a ƙasar ɗaure yake da kamfanin da ya ɗauki nauyinki. Kina ajiye aiki za su sanar da Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, kuma a bisa al'ada kwana 60 ake ba mutum ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar. Tun watan Yulin 2025 aka rufe ƙofar ɗauko sababbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje, kuma akwai 'yan'uwanmu da yawa a cikin ƙasar da kamfanoninsu suka rasa lasisi suna neman inda za su raɓa. In ma wata rana kin yanke shawarar sauya wuri, sai kin riƙe takardar ɗaukar nauyi ta sabon wurin a hannu kafin ki saki tsohon.

Doka ma tana bayanki. Dokar 1998 da ke kare masu tona ɓarna a wurin aiki ba ta ce sai zargin ya tabbata ba. Abin da take nema shi ne a ce mutum yana da dalili mai ma'ana na yarda da abin da ya faɗa, kuma don amfanin jama'a ya faɗa. Ta hana a cutar da shi saboda rahoton, ko daga shugabanni ko daga abokan aiki. Ba na so ki ɗauki wannan ki shiga da shi wurin aiki kamar sanda, sulhu nake so ki fara nema kuma ina kyautata zaton za a samu. Amma in bayan kin yi naki abin ya wuce shiru ya koma a bar ki ke kaɗai da aikin mutum biyu, ko a rage miki awanni, ko a riƙa yi miki gori da harshenki ko ƙasarki, to ki fara rubutawa da kwanan wata da sunan wanda ya yi da abin da ya faɗa, ki kai wa manaja a rubuce. Akwai hukumar ACAS da ke ba ma'aikata shawara kyauta ta waya, ba sai kina cikin wata ƙungiya ba. Ki kuma shiga ƙungiyar ƙwadago irin UNISON, wadda ke da masu aikin kula da yawa. Galibin ƙungiyoyin ba sa tsaya wa mutum a rikicin da ya riga shigarsa, don haka a wannan karon ACAS za ki fi dogara da ita, ƙungiyar kuma don gaba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a aikinki.